BABI NA BIYU: SAWAKIN DA WAƊANDA SUKA MULKE TA

2.0 Gabatarwa

Wannan babi zai waiwayi tarihin Sawakin, tsohuwar tashar jiragen ruwa da ke gaɓar Bahar Maliya a gabashin ƙasar Sudan, tun daga ƙarni na 10 da sunanta ya fara bayyana a rubuce. Za a bi masu mulkinta ɗaya bayan ɗaya, wato mutanen Beja da sarakunan Mamluk na Masar da Turkawa da gidan Muhammadu Ali da kuma Turawan Ingila. Abin da ake son fitarwa shi ne, duk wanda ya zo daga teku ya ci Sawakin, tsibirin da gidan kwastan kawai ya samu. Ruwan sha da raƙuma da hanyoyin fatake suna hannun mutanen tudu, don haka tilas mai mulki ya yi sulhu da su in yana son ya daɗe. A duk inda aka ce Turkawa a wannan babi, ana nufin daular Usmaniyya ta Santambul, kada a rikita ta da ta Sakkwato.

2.1 Yanayin Wurin

Sawakin tana kudu da Fot Sudan da tazarar kimanin kilomita 60. Asalin garin ɗan ƙaramin tsibiri ne kewayayye wanda faɗinsa bai kai kilomita ɗaya ba, yana zaune a ƙarshen wata siririyar hanyar ruwa da ta ratso tsakanin duwatsun teku. Jirgin da ya shigo nan ya tsira daga iska da igiyar ruwa, kuma maƙiyi ba ya iya shigowa sai ta wannan ƙofa guda. Daura da tsibirin, a kan tudu, akwai ɗaya rabin garin da ake kira Gef, inda kasuwar raƙuma da zangon ayari suke.

An gina gidajen tsibirin da dutsen murjani, wato wani farin dutse mai ramuka da ake sarowa daga teku. Gidaje ne masu hawa biyu ko uku, da tagogin katako masu ado da suka turo waje, irin na tsofaffin unguwannin Jidda. Wannan dutse ba shi da ƙwari. Sai an riƙa shafe shi da farar ƙasa a kai a kai, kamar yadda ginin ƙasa ke buƙatar yaɓe bayan damina, in ba haka ba gishiri da laima su cinye shi.

Babbar matsalar tsibirin ita ce ba shi da rijiya. Ruwan da ake sha daga rijiyoyin Shata yake zuwa, waɗanda ke can bayan Gef. Haka kuma kayan da jirage ke ɗauka, irin su ƙaro da hauren giwa da zinari da fatu da man shanu da dawa da bayi, duk a kan raƙuman Beja ko ƙarƙashin jagorancinsu suke isowa. Hanyar da ta tashi daga Sawakin zuwa Barbar a bakin kogin Nilu ta kai kimanin kilomita 400, tafiyar kusan mako biyu cikin duwatsu da hamada, kuma kowace rijiya a kanta tana da ƙabilar da ta mallake ta.

Game da suna, akwai zancen baka da ke cewa a nan ne Annabi Sulaimanu ya tsare aljannu, har ake danganta sunan da kalmar Larabci ta kurkuku. Wannan ya fi kama da hikaya. Su Beja, a harshensu, sunan da suke kiran garin ma'anarsa kasuwa.

2.2 Daga Beja Zuwa Mamluk

Malamin nan na Yaman, al-Hamdani, wanda ya rayu a ƙarni na 10, ya ambaci Sawakin a matsayin gari wanda tun a lokacin ya tsufa. A wancan zamani ƙaramar tasha ce ta Beja da 'yan kasuwar Larabawa da suka zauna cikinsu suka yi auratayya. Tashar da ta fi ta suna ita ce Aizab da ke arewa, wadda mahajjatan Masar da na Magrib ke bi su ƙetara Jidda, musamman lokacin da yaƙe-yaƙen 'yan Salibi suka toshe hanyar Sina'i.

Karo na farko da wata babbar daula ta ɗora wa Sawakin hannu shi ne zamanin Sarki Baibars na Masar. Dalilin kuwa ƙarar da 'yan kasuwa suka kai cewa mai mulkin Sawakin, Ala'uddin, yana ƙwace dukiyar duk ɗan kasuwar da ya mutu a yankinsa. Tsakanin 1264 da 1266 aka gargaɗe shi, da bai ji ba gwamnan Ƙus ya kawo yaƙi da taimakon jiragen Aizab, Ala'uddin ya gudu. Daga nan Sawakin ta shiga lissafin Alƙahira.

Sai dai shigar ba ta yi zurfi ba. Da Ibn Battuta ya biyo ta nan wajen 1330, wanda ya tarar yana sarauta shi ne Sharif Zaidu ɗan Abu Numayyi, ɗan Sarkin Makka. Abin lura a nan shi ne hanyar da Zaidu ya samu sarautar. Ta wajen kawunnansa ya gaje ta, domin mahaifiyarsa 'yar Beja ce, kuma a al'adarsu ta wancan lokaci ɗan 'yar'uwa yana gado. Rundunarsa ma ta Beja ce da wasu ƙabilun Larabawa. Ibn Battuta ya kuma lura cewa a kwale-kwale ake kawo wa tsibirin ruwa. Ke nan shekara sittin da wani abu bayan yaƙin Baibars, jinin sarautar Makka bai wadatar da mai mulkin Sawakin ba sai da ya haɗa da dangin uwa a tudu.

Tauraruwar Sawakin ta haska ne bayan faɗuwar Aizab. Hasan al-Wazzan, matafiyin nan da ya yi bayanin Kano da Katsina a ƙarni na 16, ya ruwaito cewa Sarkin Masar ne ya rushe Aizab saboda mutanenta sun washe wani ayari mai zuwa Makka. Masana tarihi sukan sanya wannan a 1426, zamanin Sarki Barsbai, ko da yake wasunsu na ganin garin ya riga ya mace tun kafin nan saboda ciniki ya koma Jidda. Ko ta wace hanya ce, daga ƙarni na 15 Sawakin ta zama babbar tasha a wannan gaɓa.

2.3 Zamanin Turkawa

A 1517 Sarki Salim na Ɗaya ya ci Masar, ya kawo ƙarshen mulkin Mamluk, tasoshin Bahar Maliya suka koma ƙarƙashin Santambul. Wannan ya zo daidai da lokacin da Turawan Fotugal suka zagayo Afirka suna neman raba Musulmi da cinikin Indiya. A 1541 rundunar jiragensu, ƙarƙashin Estevao da Gama ɗan Vasco da Gama, ta tsaya a Sawakin a kan hanyarta ta zuwa Suwis, ta washe garin. Ɗaya daga cikin hafsoshinta, Joao de Castro, ya zana taswirar tashar, ya kuma bayyana Sawakin a matsayin ɗaya daga cikin biranen gabas mafiya arziki, inda jirage ke jeruwa kewaye da tsibirin ana yi musu lodi ta kan katakon da aka gitta daga bakin gidaje.

A 1555 Turkawa suka kafa lardin Habasha, suka naɗa Uzdamir Basha gwamna, da Sawakin a matsayin mazauninsa. A 1557 ya kama Masawa. Burinsa shi ne ya ci ƙasar Habasha gaba ɗaya, amma duwatsunta suka gagari Turkawa, lardin ya tsaya a bakin teku. A yamma kuwa daular Funj ta Sinnar, wadda Amara Dunƙas ya kafa a 1504, ita ce ke riƙe da ƙasashen da ayarori ke fitowa. Rahotannin ƙarni na 17 sun nuna cewa Sarkin Sinnar yana da wakili a Sawakin da ke karɓar masa kaso daga kuɗin fito. Da hankalin Santambul ya koma wasu wurare, sai aka haɗa lardin da Jidda, ya zama gwamnan Jidda ne ke turo wakili.

Bayani mafi cika game da ƙarshen wannan zamani shi ne na Burckhardt, Baturen Suwizalan da ya iso Sawakin cikin ayari daga Shandi a 1814. Ya ƙiyasta mutanen garin dubu takwas, dubu uku a tsibiri, sauran a Gef. Ya ce kashi biyu cikin uku na gidajen tsibirin sun zama kango. Wakilin Turkawa, mai muƙamin Aga, yana zaune a tsibirin da 'yan sojoji ƙalilan, aikinsa karɓar kuɗin fito, kuma ba ya iya zartar da komai a Gef. Can mai faɗa a ji shi ne Amir na Hadariba, wato manyan gidajen 'yan kasuwar Beja, wanda su ne ke zaɓensa, Jidda ta tabbatar kawai. Burckhardt ya ƙiyasta cewa bayi dubu biyu zuwa dubu uku ake fitarwa ta wannan tasha kowace shekara zuwa ƙasar Larabawa. Wajibi ne a ambaci wannan adadi a duk inda ake yabon kyan gine-ginen Sawakin, domin wani ɓangare na kuɗin ginin daga nan ya fito.

2.4 Gidan Muhammadu Ali

Muhammadu Ali Basha na Masar ya ci Sinnar a 1821, amma Sawakin ta ci gaba da zama ƙarƙashin Jidda. Wannan ya dame shi, domin mutanen yankin Taka da ke gudun harajinsa can suke fakewa. A 1846 ya karɓi hayar Sawakin da Masawa daga Santambul, hayar ta ƙare da mutuwarsa a 1849. Jikansa, Kidewi Isma'ila, shi ya sake karɓo su a 1865.

Shekaru kusan ashirin da suka biyo baya su ne na ƙarshe da Sawakin ta ga bunƙasa. Gwamna Ahmad Mumtaz Basha ya gyara gine-ginen hukuma, ya kawo noman auduga a Tokar. Buɗe mashigin ruwan Suwis a 1869 ya sa jirage masu inji daga Turai suka fara tsayawa, 'yan kasuwa daga Masar da Jidda da Indiya da Girka suka buɗe kantuna. A 1877, lokacin da Gordon ke gwamnan Sudan, aka cike ruwan da ke tsakanin tsibirin da Gef aka yi hanya. A 1881 attajiri Shinnawi Bey ya kammala katafaren masaukin fatake mai ɗakuna fiye da ɗari uku. Amma a 1877 ɗin ne kuma Masar ta sa hannu da Ingila a kan yarjejeniyar hana cinikin bayi, jiragen yaƙin Ingila suka shiga kama jiragen 'yan kasuwar Sawakin. Cikin gidajen da wannan ya karya har da gidan Digna.

2.5 Usman Digna Da Rufe Hanya

Usman Digna ɗan kasuwa ne daga wannan gida. A 1883 ya yi wa Mahadi Muhammadu Ahmad mubaya'a, Mahadi ya naɗa shi amirin gabas. Da ya dawo, Shaihu Ɗahiru al-Majzub, shugaban ɗariƙar Majzubiyya, ya mara masa baya, da yawa daga Hadandawa suka bi shi. Su ma suna da nasu ƙorafin a kan haraji da kuma kuɗin hayar raƙumansu da jami'an Masar suka tauye. 'Yan ɗariƙar Hatmiyya kuwa suka tsaya tare da hukuma, don haka Beja ba su taɓa zama baki ɗaya a wannan yaƙi ba.

A ranar 4 ga Fabrairu 1884 mayaƙan Digna suka tarwatsa rundunar Masar ta mutum kimanin 3,500 ƙarƙashin Baker Basha a Teb, suka kashe fiye da dubu biyu. Kwanaki kaɗan bayan haka Sinkat ta faɗi. Ingila, wadda ta mamaye Masar tun 1882, ta turo Janar Graham, ya yi nasara a Teb ranar 29 ga Fabrairu da kuma Tamai ranar 13 ga Maris, ko da yake a Tamai sai da Hadandawa suka fasa sahun sojojinsa. Bayan faɗuwar Hartum a Janairun 1885 Graham ya dawo da runduna mafi girma, har da sojoji daga Indiya da Ostareliya, da niyyar shimfiɗa layin dogo zuwa Barbar. An shimfiɗa kimanin kilomita 30, aka kashe kusan fam miliyan ɗaya, sannan aka watsar da aikin cikin watan Mayu.

Wannan yaƙi ya fito da tsarin da aka bayyana a sama ƙarara. Digna bai taɓa cin Sawakin ba, domin bindigogin jiragen ruwa suna kare ta. Su kuma masu tsibirin sun ci yaƙi sau da dama amma sun kasa buɗe hanya. Kitchener, wanda ya yi gwamna a nan daga 1886 zuwa 1888, ya kewaye Gef da ganuwa mai ƙofa, kuma da ya fita neman Digna a Handub cikin Janairun 1888 da harsashi a muƙamuƙi ya dawo. A ƙarshen shekarar mayaƙan Digna suka haƙa ramuka dab da rijiyoyin Shata, sai da aka kawo ƙarin sojoji daga Masar aka kore su a watan Disamba. Hukumomin Sawakin sun sha hana fitar da hatsi zuwa cikin ƙasa don su karya Digna, abin da ya ƙara wa talakawan Beja azabar yunwar shekarar 1306 ta Hijira, wadda mutanen Sudan ke kira Sanat Sitta. An ƙwace Tokar a 1891, amma hanyar Barbar ba ta buɗe sosai ba sai 1897. An kama Digna a 1900, ya rasu a tsare a Wadi Halfa a 1926.

2.6 Turawan Ingila Da Gina Fot Sudan

Yarjejeniyar 19 ga Janairu 1899, wadda ta kafa mulkin haɗin gwiwar Ingila da Masar a Sudan, ta ware Sawakin, ta ce tutar Masar kaɗai za a kafa a can tun da Mahadi bai taɓa cin ta ba. A watan Yulin shekarar aka soke wannan, ta bi sahun sauran ƙasar.

'Yan kasuwar garin sun zaci wahala ta ƙare, musamman da layin dogo daga Atbara ya iso a 1905. Amma tun 1904 injiniyan hukuma, Ralston Kennedy, ya ba da rahoto cewa hanyar ruwan Sawakin ta yi wa manyan jirage ƙunci, duwatsun murjani suna ƙara tsuke ta, kuma ba a iya shigowa da dare. Ya ba da shawarar a gina sabuwar tasha a arewa, a wani wuri da ba kowa sai kabarin wani waliyyi, Shaihu Bargut. Aka karɓi shawarar, aka kai dogo can, Kidewi Abbas Hilmi ya buɗe Fot Sudan a 1909.

Hujjar injiniyoyin gaskiya ce, amma ba ita kaɗai ba ce. A Sawakin filaye da gidaje suna da masu su, kuma akwai tsofaffin gidajen kasuwanci da za a yi ciniki da su. A sabon wurin hukuma ce ke da ƙasa, ita ke yanka filoti. Jirgin ƙasa ya maye gurbin raƙumi, ruwan sha kuma daga baya aka jawo shi ta bututu daga Kor Arba'at. Turawan Ingila su ne masu mulki na farko da ba su buƙaci raƙuman Beja ko rijiyoyin Shata ba, saboda haka ba su ga dalilin yin sulhun da magabatansu suka yi ba. Ofisoshin lardi suka tashi, bankuna da kamfanoni suka bi su, zuwa farkon shekarun 1920 tsibirin ya kusa zama kufai. Da masu gidaje suka daina shafe, gine-ginen suka fara zubewa da kansu. Abin da aka sani a yau game da fasalinsu, mafi yawansa daga zane-zanen Jean-Pierre Greenlaw ne, wanda ya auna su kafin su rushe, aka buga littafinsa a 1976.

2.7 Sawakin Da Takari

Abu ɗaya da hukuma ta bar wa Sawakin shi ne aikin hajji. Nan aka ajiye wurin killace mahajjata don duba lafiyarsu kafin su ƙetara Jidda da kuma bayan sun dawo. Ta wannan fuska ce tarihin garin ya haɗu da na ƙasar Hausa. Tun 1814 Burckhardt ya yi tafiya tare da mahajjatan yammacin Afirka, waɗanda Larabawa ke kira Takarir, inda Hausawa suka samo kalmar Takari. Yawansu ya ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka yi hijira gabas tare da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu.

Mahajjaci yakan tashi daga Kano ko Maiduguri, ya bi ta Abeshe da Fashir har Ubayyid inda dogo yake, yana tsayawa yana ƙodago don ya tara guzuri. Gonakin audugar Jazira, waɗanda aka buɗe a 1925, da na Tokar sun dogara ƙwarai da irin waɗannan ma'aikata. Tafiyar takan ɗauki shekaru, wasu ma a nan suka zauna har jikoki. A Sawakin hukuma takan nemi fasfo da allurar rigakafi da kuɗin tikitin zuwa da dawowa. Wanda ba shi da hali yakan zarce Masawa da ke hannun Italiya, ko ya yi ciniki da masu ƙananan jiragen iska su ƙetarar da shi a ɓoye, da duk haɗarin da ke ciki. Wannan hanya ta fara ja da baya daga shekarun 1950, da aka soma jigilar alhazai ta jirgin sama daga Kano.

2.8 Bayan Mulkin Kai

Sudan ta samu mulkin kai a 1956, amma gwamnatocinta ba su yi wa tsibirin wani abin kirki ba. A 1991 aka buɗe sabuwar tashar fasinja da dabbobi kusa da tsohon garin don jiragen Jidda, aka sa mata sunan Usman Digna. Daga 2011 hukumar raya ƙasashe ta Turkiyya ta gyara masallacin Hanafiyya da na Shafi'iyya da gidan kwastan. A Disambar 2017 Shugaba Erdogan ya ziyarci tsibirin tare da Umar al-Bashir, aka sanar cewa an danƙa wa Turkiyya aikin sake gina shi. Masar da Saudiyya suka nuna damuwa cewa sansanin soja ake shirin kafawa, Turkiyya ta musanta. An hamɓarar da al-Bashir a Afrilun 2019 kafin aikin ya yi nisa.